Mutum Nawa Ya Kamata Su Gwada Manhajarka Kafin Ka Sake Ta? Jagora Ga Masu Gina Manhaja a Sakkwato

Amsar da ta fi yawo a bakin masu wannan sana'a ita ce mutum 5. Ba ƙarya ba ce, sai dai rabinta ake faɗi. Cikakkiyarta ita ce mutum 5 daga kowane irin mutanen da za su riƙe abin a hannu, a kowane zagaye na gwaji, kuma idan abin da kake nema shi ne ka gano inda suke tuntuɓe. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa uku ya sauya, adadin ma ya sauya.

Gwajin sauƙin amfani ba jin ra'ayi ba ne. Ka miƙa wa mutum waya, ka ba shi aiki na gaske, ka kama bakinka, ka zuba ido ka ga inda zai maƙale. Domin bayanin ya zauna, mu ɗauka kai da abokanka kun gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kun gina manhajar rubuta ciniki da bashi don 'yan kasuwa, kuna son ku san ko za ta yi aiki a hannun mutanen Babbar Kasuwa da dillalan albasa.

Mataki na 1: Tsayar da tambayarka

Tambayoyin iri biyu ne. Ta farko: a ina mutane ke rikicewa, me ya rikita su? Ta biyu: mutum nawa cikin 100 ke iya kammala aikin, cikin minti nawa? Ta farko mutane kaɗan take buƙata. Ta biyu tana cin mutane da kuɗi, za mu zo kanta a ƙarshe. Mai sabuwar manhaja kusan kullum ta farko ce damuwarsa, ko da shi bai sani ba.

Mataki na 2: San inda 5 ɗin ta fito, da inda take gazawa

A 1992 wani mai bincike a wannan fanni, Robert Virzi, ya wallafa binciken da ya nuna mutum 4 zuwa 5 kan tono kusan kashi 80 cikin 100 na matsalolin da ke cikin abin da ake gwadawa. A 1993 wasu masana biyu, Jakob Nielsen da Thomas Landauer, suka fito da lissafin da ke bayan haka. Sun duba gwaje-gwaje da dama, suka ga a matsakaici mutum ɗaya kan ci karo da kashi 31 cikin 100 na matsalolin. A shekarar 2000 Nielsen ya rubuta maƙalar da ta yaɗa maganar mutum 5 a duniya.

Lissafin ba wuya, ko da kwakuletar waya ka iya yin sa. Idan yiwuwar mutum ɗaya ya ci karo da wata matsala ita ce 0.31, to yiwuwar ya tsallake ta 0.69 ce. Ka ninka 0.69 da kanta gwargwadon yawan mutanenka, ka cire abin da ya fito daga 1. Mutum ɗaya zai ba ka kashi 31, mutum 2 kashi 52, mutum 3 kashi 67, mutum 4 kashi 77, mutum 5 kashi 84, wanda aka saba cewa kusan 85. Daga nan ribar sai ta fara tsukewa. Mutum 10 kashi 98 ne, wato ka ninka wahala da kuɗi don ƙarin kashi 14 kacal. Wanda ya taɓa zama a gwaji ya san wannan ba tare da lissafi ba: kafin mutum na huɗu ya kai shafin, ka riga ka san inda zai tsaya yana sosa ƙeya.

To amma 31 ɗin nan matsakaici ne daga wasu manhajoji na wancan zamani, ba wahayi ba ce. A 2001 Jared Spool da Will Schroeder sun gwada shafukan sayayya na intanet, inda kowa ya nemi kayan da ransa ke so, sai mutum 5 na farko suka gano kashi 35 kawai. Dalili kuwa kowa hanyarsa daban ya bi. A 2003 Laura Faulkner ta yi abin da ni a ganina ya fi kowanne amfani ga mai aiki. Ta gwada mutum 60, sannan ta riƙa ɗibar biyar-biyar daga cikinsu da ka, tana duba abin da kowane rukuni zai gano da shi kaɗai aka yi amfani. Wani rukunin ya gano kashi 99, wani kuma kashi 55 kawai. Da ta koma goma-goma, babu rukunin da ya gaza kashi 80. Da ta koma ashirin-ashirin, babu wanda ya gaza 95. Ke nan mutum 5 na iya yi maka sa'a, suna iya yi maka rashin sa'a, kuma a ranar ba ka da hanyar sanin wadda ka samu. Maganin wannan shi ne maimaita gwaji, ba tara jama'a rana ɗaya ba.

Mataki na 3: Ƙirga nau'o'in mutanenka

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Duk lissafin da ke sama ya tsaya ne a kan cewa mutanen da ka gwada suna kama da juna wajen amfani da abin. A Sakkwato da wuya ka samu haka. Mai sayen albasa ba ya duba saman buhu ya biya, ya san manyan a sama ake jera su, sai ya tura hannu ciki. Ɗalibai 5 na jami'a masu manyan wayoyi su ne saman buhunka.

Ba shekaru ko ƙabila ke raba rukuni ba, abin da zai sa hannun mutum ya bi wata hanya daban a kan wayar shi ke rabawa. Ka zauna da takarda ka tambayi kanka:

Yaya mutumin yake da karatu? Akwai mai karanta Turanci, akwai mai karanta Hausar boko kaɗai, akwai wanda ajami ya iya, akwai kuma wanda duk harkarsa a WhatsApp saƙon murya ce, amma lambobi ba a cutar sa a kansu. Wannan na ƙarshen yana da yawa a kasuwa, kuma sau tari shi ne mai kuɗin.

Wace waya ke hannunsa? Tecno ko Itel da ta cika har ba wurin sauke komai, gilashinta a tsage, daban take da wayar da kuka gina manhajar a kanta. Akwai mai ƙaramar waya mai madannai wanda da lambobin USSD yake tura kuɗi. Akwai wanda wayar ma ba tasa ba ce, ta ɗansa ce ko ta yaron shago.

A ina yake? Sabis ɗin Mabera ko Arkilla ba shi ne na ƙauyukan Goronyo, Wurno ko Gada ba. Shafin da ke buɗewa cikin daƙiƙa biyu a ofishinku zai iya tsayawa yana juyi a can, mutum ya yi ta danna "aika" sau uku, bashi ɗaya ya shiga sau uku. Ɗan kasuwar Illela kuma, da ke hulɗa da mutanen Birnin Konni, yana lissafi da naira da sefa a lokaci guda, jakar da yake nufi a naira 200 ce, a sefa kuwa 1,000. Manhajar da ba ta san da wannan ba, mutanen cikin gari 50 ba za su nuna maka giɓin ba.

Wane aiki yake yi da ita? Mai shago yana son ganin jimillar bashi, yaron shago shigar da ciniki yake yi da sauri ga mai saye tsaye a kansa. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinki da adashe, su ma rukuni ne mai zaman kansa.

In ka bi wannan za ka iya fitar da rukuni 8 ko 10, kuma ba ka da kuɗinsu. Ka haɗe waɗanda hannunsu zai yi tafiya iri ɗaya, ka zaɓi 2 ko 3 da kasuwancinka ya dogara a kansu. Shawarar Nielsen ita ce in rukuni 2 ne a ɗauki mutum 3 zuwa 4 daga kowanne, in sun kai 3 ko fiye a ɗauki uku-uku, domin wasu matsalolin kowa zai ci karo da su. Ni dai a nan ina ƙara wani abu: rukunin da ya fi nisa da ku masu ginin, wato wanda ba ya karanta boko ko wanda ke bayan gari, ku ba shi cikakkun 5. Abin da ɗan boko zai yi kuna iya hasashensa, na wancan kuwa ba ku iyawa. A misalinmu sai a ce masu shago da ke karatu 3, yaran shago 3, dillalan da ba sa karanta boko 5. Mutum 11 ke nan a zagayen farko.

Mataki na 4: Duba girman asarar da kuskure zai jawo

Mutum 5 matsalolin da suka zama ruwan dare suke kamawa. Matsalar da ke samun mutum 1 cikin 10, yiwuwar ka gan ta da mutum 5 kashi 41 ne kawai. In kana son yiwuwar ta kai kashi 85, ga abin da lissafin nan ke bayarwa: matsalar da ke samun 1 cikin 5 tana buƙatar mutum 9, mai samun 1 cikin 10 mutum 18, mai samun 1 cikin 20 mutum 37.

Saboda haka ka tambayi kanka me zai faru in mutum ya kuskure. In launin madanni ne bai gane ba ya koma baya, ba komai. In kuwa sifiri ɗaya zai ƙara ya tura 500,000 maimakon 50,000, ko ma'aikaciyar asibitin karkara ta shigar da awon magani ba daidai ba, to 1 cikin 10 ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, a jagorarta ta 2016, ta nemi aƙalla mutum 15 daga kowane rukuni wajen gwajin ƙarshe na na'urorin lafiya. Ba sai ka gwada dukan manhajar da mutum 18 ba. Ka ware shafin kuɗin kaɗai, gwajin minti 10, ka bi da shi ta hannun mutane da yawa.

Mataki na 5: Raba mutanen zagaye-zagaye

In rukuninka ɗaya ne kuma kuɗinka na mutum 15 ne, kada ka ƙone su a mako ɗaya. Ka yi 5, ka gyara, ka yi 5, ka gyara, ka sake 5. Babbar matsala takan tsare ƙofa ta ɓoye na bayanta. In mutum 4 cikin 5 sun kasa wuce rajista saboda lambar tabbatarwa ta shigo ta saƙo, sun fita su duba ta, manhajar ta mayar da su farko, to babu wanda ya kai shafin bashi balle ka san lafiyarsa. Ƙarin mutum 10 a wannan hali kallon ƙofa ɗaya za su sa ka yi ta yi. Gyaran da ka yi ma yana iya haifar da sabuwar matsala, sai zagaye na biyu ya tona ta.

Zagayen farko ba ya buƙatar manhajar da ta kammala. Zane a takarda ya isa, mutum ya taɓa da yatsa kai kuma ka canza masa shafi. Steve Krug, wani masanin irin wannan gwaji, shi ma cewa ya yi mutum 3 a safiya ɗaya kowane wata sun wadatar, muddin ba a fasa ba. Kowane zagaye sababbin mutane, domin wanda ya gani jiya ya riga ya koyi hanya.

Mataki na 6: Nemo su

'Yan majalisarku da abokan karatu da ƙannenku ba sa cikin lissafi. Ka bi ta shugaban layi ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa don samun shiga, amma ka faɗa masa irin wanda kake so dalla-dalla, in ba haka ba yaransa da suka fi kowa iya waya zai turo maka don ya fita kunyarka. Kana son 5, ka gayyaci 7, saboda rasuwa da ɗaurin aure da baƙon ciniki ba sa sallama.

Ka je inda suke, da wayarsu za a yi gwajin in zai yiwu. Ka kauce wa lokacin da kasuwa ta cika, da bayan hantsin Juma'a, da yammacin azumi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka yi da safe. Amma ka bar mutum ɗaya ko biyu su gwada a waje cikin hasken rana, don rubutu mai ruwan toka a kan fari ɓacewa yake yi ɗungurungum a tsakar rana. Gwajin matan cikin gida mace za ta yi shi, da sanin maigida, kuma makarantun Islamiyya na matan aure hanya ce mai sauƙi ta samun su.

Ka biya kuɗin kabu-kabu da na lokacin da ka ci wa mutum, daidai wa daida ga kowa, ka kuma faɗa tun farko cewa kuɗin ba na yabo ba ne. Kafin ka ɗauki murya ko hoton hannunsa ka nemi izini da Hausa, ka faɗi abin da za ka yi da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka ko kamfaninku na mutum uku ne. Kada ka karɓi BVN ko NIN ko lambar sirrin kowa, ka tanadi sunaye da lambobin ƙarya na gwaji.

Mataki na 7: Zaman kansa

Mutum 5 da aka gwada da kyau sun fi 20 da aka yi wa jagora. Babban abin da ke ɓata gwaji a wajenmu shi ne kara. Dattijo ba zai dubi idon yaron da ya sha wahala ya ce masa abinka bai yi ba. In ka tambaye shi yaya ya gani, amsar ita ce, "Madalla, Allah shi yi albarka, abu ya yi kyau." Don haka kada ka tambaya. Ka ba shi aiki, kuma in da hali ka ce wasu ne suka gina, kai an aiko ka ne ka gano laifinta.

Ga yadda yakan kasance. Kun zauna a benci a bayan rumfa, abokin aikinka na gefe da littafi. Ka ce, "Alhaji, ga wani ya ɗauki buhu biyu bashi, zai biya ran kasuwa. Shigar muna da shi yadda za ka tuna. Abin da duk ka gani ko ka yi tunani, faɗe shi a fili. Ba kai muke gwadawa ba, wayar muke gwadawa." Ya riƙe wayar nesa da ido, babban yatsansa na shawagi a kan alamar ƙari da kuka sa a ƙasan dama, bai taɓa ta ba. Ya danna hoton ƙararrawa, ya dawo. Ya ɗago ya ce, "Yaro, mi za ni taɓawa nan?" A nan ne ake cin jarrabawa ko a faɗi. Bakinka zai yi ƙaiƙayi, amma amsar ita ce, "Ranka shi daɗe, da ba ni nan, wanne za ka taɓa?" Sai ya ce, "Da ba ka nan, da na kira Sani shi yi min." Abokinka ya rubuta wannan kalma da kalma, domin ta gaya muku abu biyu: alamar ƙari ba ta ce masa komai ba, kuma a shagon nan yaron ne zai riƙa shigar da bayanai.

Aiki 4 ko 5 sun isa, cikin minti 30 zuwa 45. Mutum ɗaya-ɗaya, ba a bainar jama'a ba. Waya in ta fito a kasuwa nan da nan ake yi mata rumfa, wani ya miƙo yatsa ta kafaɗa ya danna, shi ke nan an ɓata maka mutum guda. Ku zama ku biyu masu kallo, kowa ya rubuta nasa, domin bincike ya sha nuna cewa masu lura biyu kan kalli zama ɗaya su fito da matsaloli mabambanta.

Mataki na 8: San lokacin tsayawa

A ranar, kafin a manta, ku ja jadawali: matsaloli a jere daga sama zuwa ƙasa, mutane a jere daga hagu zuwa dama, ku sa alama inda kowa ya tuntuɓe. Jadawalin zai gaya muku ko adadinku ya isa. In mutum biyu na ƙarshe ba su kawo sabon abu ba, ku tsaya ku yi gyara. In kuwa na biyar ya zo da sababbi uku, ko yawancin matsalolin mutum ɗaya-ɗaya ne ya gan su, to ko dai kun cakuɗa rukuni biyu a matsayin ɗaya, ko ayyukan da kuka bayar sun yi faɗi. Ku ƙara mutum 3 ku sake dubawa.

Wajen gyara kada yawan alama kaɗai ya ja ku. Matsalar da mutum ɗaya ya samu amma ta goge masa bashin wata guda tana gaba da wadda mutum 4 suka yi ɗan jim a kanta suka wuce.

Idan alƙaluma ake nema

Wata rana mai zuba jari ko ƙungiyar da ke ba ku tallafi za ta ce ku kawo shaida da lamba. Kada ka rubuta cewa kashi 80 na masu amfani sun yi nasara don mutum 4 cikin 5 sun kammala. Da mutum 5, gaskiyar adadin na iya kasancewa ko'ina tsakanin kashi 36 da 98, wanda daidai yake da ba ka ce komai ba. In mutum 32 ne cikin 40, tazarar takan tsuke zuwa tsakanin 65 da 90. Shi ya sa Nielsen ya daɗe yana cewa aƙalla mutum 20 ga irin wannan gwaji, daga baya kamfaninsu na Nielsen Norman Group ya koma ba da shawarar 40. In za ka kwatanta tsohon zubi da sabo, kowanne na buƙatar nasa adadin.

A irin wannan gwaji kowa aiki ɗaya za a ba shi da kalmomi iri ɗaya, ba a sa shi magana yana yi tunda ana auna lokaci, kuma tun kafin a fara za a rubuta abin da ake kira nasara. Ku yi shi bayan zagaye biyu ko uku na masu biyar-biyar sun share manyan matsaloli. A rahoton ƙananan zagayen kuwa ku rubuta adadin yadda yake, "mutum 4 cikin 5", tare da rukuninsu da irin wayar da suka riƙe da wurin da aka yi zaman.